Basira da Sihiri a Wasan Dungeons & Dragons: Nazarin Wata Ka'ida

A cikin shekara ta 1974 waɗansu mutane biyu na ƙasar Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ba irin dara ba ne, ya fi kama da tatsuniya wadda mutane da yawa su ke haɗuwa su ƙaga tare. Mutum guda ya zama mai ba da labari, sauran kuwa ko wanne ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da bakinsa. Ko wane jarumi yana da halaye shida, ko wane hali da lambarsa. A farko ana jefa ƙwaya uku ne irin ta ludo, a haɗa abin da ya fito, watau daga 3 zuwa 18. Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne ka'idar da ta ce mai sihiri sai da basira. Shin gaskiya ce, ko kuwa an riƙe ta ne don an gaje ta?

Mu fara da asalinta. A littafin Players Handbook na 1978 an ce ba mai zama masihirci sai lambar basirarsa ta kai 9. Mai 9 ɗin nan, in ya tarar da sabon sihiri a rubuce, rabonsa na gane shi 35 ne cikin 100, mai 18 kuwa 85 cikin 100. Sihirin daraja ta tara, wanda ya fi duka, ba mai taɓa shi sai mai 18. To, daga ina wannan tsari ya fito? Daga littafin Jack Vance ne, The Dying Earth, na 1950. A can masihirci ya kan cusa kalmomin sihiri a kansa daga littafi, kan kuwa ba ya ɗaukar fiye da kaɗan, kuma da zarar ya furta su sai su gushe, sai ya sāke komawa ga littafi.

Nan ne mai nazarin harshe zai tsaya. Kalma guda ta Ingilishi da masu wasan suka sa, in za mu juya ta da Hausa, sai mu ga ta rabu. Akwai hadda, akwai fahimta, akwai wayo, akwai hankali, kuma ko wane Bahaushe ya san ba abu guda ba ne. Yaro ya kan haddace shafi bai san ma'anarsa ba. Gizo na tatsuniya gwanin wayo ne, amma ba wanda ya taɓa kiransa mai hankali. Abin da ka'idar 1978 ta ke aunawa, in an duba da kyau, hadda ce da ƙarfin ɗaukar karatu, aka laƙaba mata sunan basira duka. Wannan shi ne aibinta na fari.

Aibi na biyu kuwa, ta ɗauka hanyar sihiri guda ce, watau littafi. Amma tatsuniyoyin duniya ba su yarda da haka ba, har namu. A bakin Hausawa an bambanta malamin tsibbu, wanda ya yi karatu, da maye, wanda aka ce a nono ya sha, da ɗan bori, wanda iskoki ke hawa. Ba mai tambayar ko maye yana da kaifin ƙwaƙwalwa, gama ba da ita ya samu ba. Masu wasan ma tun 1974 sun ɗan hangi wannan, don sun ware mai bautar abin bauta, wanda ikonsa roƙo ne, suka ɗaura shi a kan hikima.

Gyara na sosai bai zo ba sai a shekara ta 2000, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi kamfanin TSR a 1997. A bugu na uku aka shigo da masihircin gado, wanda sihiri ke cikin jininsa, ba ya buƙatar littafi, ikonsa kuma a kan kwarjini ya ke. Shi kuwa masihircin littafi aka ce basirarsa ta kai 10 a ƙara da darajar sihirin da ya ke so. A bugu na biyar, na 2014, aka daɗa sassauci. Masihircin littafi mai basira 8 yana iya jefa sihirinsa, sai dai abokan gaba sun fi saurin kauce masa. Mai gado, da mawaƙi, da wanda ya ƙulla alkawari da wani aljani, duk aka tara su a ƙarƙashin kwarjini.

Lalle wannan ci gaba ne, amma ba mu ce ya rasa abin suka ba. An sauke wa basira kaya, aka jibga wa kwarjini. Ina abin da ya haɗa gadon jini da daɗin baki da cinikin aljani? Wanda zai ƙulla alkawari da abin da ya fi shi ƙarfi, ai wayo ya fi buƙata, don kada a cuce shi a sharaɗi. Da ka'idar ta bi ma'ana, da nan ne za ta nemi basira.

Akwai kuma wata matsala wadda ba bugun da ya warware ta. Lamba tana kan takarda ne, amma shawara daga kan mai wasa ta ke fitowa. In jarumi yana da 18, mai riƙe da shi kuwa bai iya warware kacici-kacicin da mai ba da labari ya kawo ba, wa za a bi? In kuma jarumin 8 gare shi, mai wasa ya gane amsa, sai ya yi shiru da gangan? Ashe lambar ba ta auna tunani, iyakarta ta ƙara ko ta rage abin da ƙwaya ta fitar.

Amsarmu ke nan. Mai sihirin da ya samu ta hanyar karatu yana buƙatar abin da ko wane ɗalibi ke buƙata, sauran kuwa ba dole ba ne. Amma abin da ya sa muka kawo zancen gaban malaman makarantun horon malamai ya wuce wasa. Tsarin farko yana koya wa yaro cewa basira rabo ce da a ke jefawa sau ɗaya, wanda ya sami 9 ya haƙura da ƙananan darasi har abada. Tun bugun 2000 an bar jarumi ya ƙara lambarsa bayan ko wane mataki huɗu na ƙwarewa, watau aiki yana ƙara basira. Wannan ya fi kusa da abin da mu ke gani a aji. Malamin da ya riƙe ɗalibansa bisa ka'idar 1978, ya yanka wa ko wanne lamba tun ranar farko, ya san masu wasan da kansu sun daɗe da barinta.