Zanen aro ba ya rufe katara: sharhi a kan kundin koyar da neman bayani a jami'a

A shekarar 2016 ne ƙungiyar ɗakunan karatu na jami'o'in Amurka, wato ACRL, ta amince da wani kundi da ke tsara yadda za a koya wa ɗalibi neman bayani da tantance shi. Kundin ya maye gurbin ƙa'idojin shekarar 2000, waɗanda suka jero ƙwarewa ɗaya bayan ɗaya kamar kayan lefe: ɗalibi ya san abin da yake bukata, ya nemo shi, ya auna shi, ya yi aiki da shi, ya kiyaye haƙƙin mai shi. Sabon kundin ya ajiye wannan jeri, ya kafa ginshiƙai 6 na tunani.

Babu shakka akwai abin yabo a cikinsa. Ya ɗauke darasin ma'aikacin ɗakin karatu daga koyar da danna kwamfuta zuwa koyar da hukunci. Ginshiƙinsa na farko yana nuna cewa darajar mai magana ta danganta da fagen da yake magana a kai, da kuma masanan da suka shaide shi. Wani ginshiƙin ya ɗauki ilimi a matsayin muhawara mai tsawo, wadda ɗalibi zai tarar ana yi, ya saurara, sannan ya sa baki. Tun 2022, da ChatGPT da ire-irensa suka soma miƙa wa ɗalibai amsoshi masu santsi, wani zubin har da sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba, wannan darasi ya ƙara nauyi. Kuma ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure, domin malaman hadisi sun daɗe da tambayar wa ya faɗa, kuma daga wa ya ji.

Sai dai an rubuta kundin ne don ɗalibin da bayani ya yi wa yawa. Ya taɓo batun rashin samun bayani, amma a gurguje. Ɗalibin Yamai ko Maradi ko Tawa da ke shirya kundin ƙare karatu yana da wata matsala dabam. Lalle shirin Hinari na 2002 da AGORA na 2003 sun buɗe wa jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun likitanci da na noma kyauta, kuma ya wajaba a koya wa ɗalibai shigarsu. To amma mai binciken tarihin Damagaram ko na Gobir fa? Babban rabon abin da yake nema yana cikin dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, waɗanda Bubu Hama ya aza harsashin tara su, ko cikin muryoyin dattawa da cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ta ɗauka. Darasin da ya tsaya ga allon kwamfuta zai bar ɗalibi da zaton cewa abin da intanet ba ta nuno ba, babu shi.

Akwai kuma haɗari a ginshiƙin farkon nan. Mai gaggawa yana iya fahimtar cewa kowace magana daidai take da ƴar'uwarta, alhali marubutan kundin tantancewa suke nufi. Ruwayar maroƙin fada da rahoton kwamandan Faransa duka shaida ce, kuma kowannensu yana da wanda yake yi wa aiki.

Saboda haka kundin ya cancanci a karanta shi, ba a kwafe shi ba. Ma'aikacin ɗakin karatu da ya aro ginshiƙan nan 6 yana bukatar ƙara na bakwai daga gida: ya san inda ilimin ƙasar yake ajiye, a takarda da kaset da ƙirjin mutane, ya kuma iya nuna wa ɗalibi ƙofar da zai yi sallama.