Makaɗin Fada Mai Kyamara: Nazarin Finafinan Zakarun Ƙwallon Amurka Bisa Ma'aunin Waƙar Baka ta Zamfara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin wani nau'in shirin talabijin da ya kafu a Amurka, watau finafinan tarihi waɗanda ake shiryawa a kan ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙwallon Amurka. Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa manazarcin Hausa da wasan da ba a san shi ba a filayen Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu? Amsar ita ce, wasan ne baƙo, amma aikin da finafinan suke yi, watau wasa gwani da adana sunansa, aiki ne da makaɗan ƙasar Zamfara suka daɗe da ƙwarewa a kansa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa irin wannan fim waƙar fada ce da aka yi da kyamara, kuma sanin haka ya zama wajibi a gare mu, tun da yake yau kyamara ta shiga filin dambe.

2.0 Wasan da Masu Ɗaukarsa

Ƙwallon Amurka ta bambanta da ƙwallon ƙafar da muka sani. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, da hannu aka fi ɗaukarta, kuma 'yan wasa goma sha ɗaya na kowane ɓangare suna karo da juna da ƙarfin tsiya, sanye da hular kwano. Hukumar NFL ce take da babbar gasar, wadda ƙungiyoyi 32 suke cikinta, kuma wasan ƙarshe shi ne ake kira Super Bowl, wanda aka fara a watan Janairu na 1967.

A 1962 wani mai sayar da riguna, Ed Sabol, ya sami izinin ɗaukar wasan ƙarshe na gasar wannan shekara. Aikin nasa ya ƙayatar, har a tsakiyar shekarun 1960 hukumar ta saye kamfanin nasa, aka raɗa masa suna NFL Films. Shi da ɗansa Steve Sabol suka kafa salon da aka san kamfanin da shi. A watan Nuwamba na 2006 tashar NFL Network, wadda a lokacin ita ma mallakar hukumar ce, ta fara nuna jerin shirin America's Game, inda aka ba kowace ƙungiya daga cikin zakarun shekaru arba'in na farko shirinta na kusan sa'a guda. Aka kuma jera ashirin daga cikinsu bisa fifiko: Miami Dolphins ta 1972, wadda ta ci wasanninta 17 duka, ita ce kan gaba, sai Chicago Bears ta 1985, sai Pittsburgh Steelers ta 1978.

Abin lura tun daga nan shi ne, mai gasar shi ne mai kamfanin fim, shi ne kuma, a wancan lokaci, mai tashar da ake nunawa. Wannan dangantaka ita ce ta ubangida da makaɗinsa.

3.0 Tubalan Ginin Fim ɗin

Masana waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun rarrabe makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza, sun kuma fito da tubalan da ake gina waƙa da su, kamar yabo da zuga da zambo da habaici. Idan aka ɗora America's Game a kan wannan ma'auni, za a ga abubuwa huɗu.

Na farko, akwai murya mai ba da labari wadda ba a ganin mai ita. A zamanin farko John Facenda ne, wanda ya rasu a 1984. A America's Game kuwa manyan 'yan wasan silima aka ɗauko, irin su Morgan Freeman da Gene Hackman. Aikin wannan murya aikin sanƙira ne: ita take gabatar da gwani, ta faɗi asalinsa, ta ƙara wa abin da ido ya gani nauyi.

Na biyu, akwai kiɗa. Sam Spence, wanda ya daɗe yana tsara wa kamfanin kiɗa, ya yi amfani da ganguna da ƙahonni masu amon fita yaƙi. Duk wanda ya san abin da tambari da kakaki suke yi wa zuciya a ƙofar fada ba ya bukatar a yi masa bayani.

Na uku, akwai rage gudun hoto. Jifa guda da ba ta wuce ƙiftawar ido ba sai a ja ta, a maimaita ta daga kusurwa daban-daban, har ta zauna a zuciyar mai kallo. Wannan shi ne matsayin gindin waƙa, wanda 'yan amshi suke komawa gare shi bayan kowane ɗa.

Na huɗu, akwai shaidu. Galibi mutum uku ake zaɓa daga ƙungiyar da ta yi nasara, su ba da labari da bakinsu. Da yake an san ƙarshen labarin tun kafin a fara shi, kowace wahala da suka ambata, rauni ne ko saɓani da mai horarwa, sai ta zama matakalar hawa zuwa ga kofi.

Tubali guda ne ya ɓace, watau zambo. Makaɗin fada irin Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu ya kuma zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ko Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙa, yana da damar yi wa abokan hamayyar ubangidansa zambo da habaici. NFL Films ba shi da wannan dama, domin wanda aka ci da wanda ya ci duk 'ya'yan gida ɗaya ne. Ashe ke nan wanda ake yi wa waƙar na haƙiƙa ba ƙungiya ba ce, hukumar ce kanta.

4.0 Abin da Waƙar Fada ba ta Faɗi

Mike Webster yana cikin ƙungiyar Steelers da ta ci kofi sau huɗu a kakar 1974 da 1975 da 1978 da 1979. Bayan ya bar wasa hankalinsa ya gurɓace, gidansa ya watse, har ya riƙa kwana cikin mota. Ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitan da ya binciki gawarsa a Pittsburgh ɗan Nijeriya ne, Bennet Omalu, kuma a 2005 ya wallafa sakamakon da ya nuna lalacewar ƙwaƙwalwa wadda yawan bugun kai yake haddasawa, cutar da likitoci suke taƙaita sunanta da CTE. Likitocin hukumar suka yi ca a kansa, suka nemi a janye maƙalar.

Shekara guda bayan wannan maƙala aka fara nuna America's Game, aka kuma sa Steelers ta 1978 a matsayi na uku. Amma ba daga wannan gida jama'a suka ji labarin ƙwaƙwalwar 'yan wasa ba. Daga waje ya fito, musamman a shirin League of Denial na tashar PBS a 2013, shirin da tashar ESPN, mai huldar ciniki da hukumar, ta janye hannunta daga gare shi kafin a nuna. A wannan shekara hukumar ta amince ta biya dala miliyan 765 ga tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 da suka kai ta ƙara, sai a 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban kwamitin majalisar dokoki cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

Ba ana cewa makaɗin fada maƙaryaci ba ne. Sana'arsa tana da ƙa'ida, mai sauraro kuma ya san ƙa'idar: yana ganin makaɗin a ƙofar ubangidansa, yana ganin riga da dokin da aka ba shi. Matsalar fim ita ce yana sanye da rigar tarihi, kuma mutane sun ɗauka gani ya kori ji, alhali wanda ya riƙe kyamara shi ya zaɓi abin da za a gani.

5.0 Darasi Daga Makaɗan Maza

Adalci ne a faɗi abin da finafinan suka yi daidai. Sun adana hoton wasanni tun daga shekarun 1960, sun kuma zaunar da tsofaffin 'yan wasa sun ɗauki muryoyinsu kafin su ƙaura. A 2008 an ƙara shirye-shirye biyar masu suna The Missing Rings a kan ƙungiyoyin da suka kusa cin kofi bai yiwu ba, har da Buffalo Bills ta 1990, wadda ta je wasan ƙarshe sau huɗu a jere tana shan kaye. A ganin wannan maƙala su ne suka fi kusa da gaskiya, domin babu kofin da zai wanke kowane kuskure.

A nan ne makaɗan maza suka sha gaban kyamara. Muhammadu Bawa Ɗan Anace yana zuga Shago, amma waƙar ba ta ɓoye mutuwa ba. Tana cikin manyan jigoginta. Harshen dambe kansa bai yarda a manta da haɗari ba, tun da yake kayar da abokin karawa kisa ake ce masa. Haka kuma sunayen su Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware sun rayu tare da na Shago, domin gwani ba ya zama gwani sai da wanda ya tsaya a gabansa.

Rauninmu yana wajen adanawa. Waɗannan mazaje a waƙa aka fi saninsu, ba a hoto ba. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, Zamfara United ta yi shekaru tana karɓar manyan ƙungiyoyi a filin tunawa da Sardauna na Gusau, amma matashin da yake zama a gidan kallo a Tsafe ko Bunguɗu ya fi sanin tarihin ƙungiyoyin Ingila da Sifen.

6.0 Kammalawa

Yau ana ɗaukar dambe ana sa shi a YouTube, kuma sau da yawa mai shirya gasar shi ne mai kyamarar. Saboda haka tambayar da ta dace manazarci ya fara yi wa kowane fim ɗin zakara ita ce wadda ake yi wa kowace waƙar fada: wane ne ubangidan? Masu shirya namu finafinan kuwa, ya kamata su ari ɗabi'ar adanawa da zaunar da dattijai daga gidan Sabol, sa'an nan su ari gaskiyar Ɗan Anace: su ji ta bakin wanda aka kashe a fili, su kuma koma wa ɗan dambe bayan shekara ashirin, su ga yadda hannunsa da kansa suka kwana. Malaman jami'a da na kwalejoji suna da ma'aunin wannan aiki a hannunsu tuntuni. Abin da ya rage shi ne su ɗora fim a kansa kamar yadda suka ɗora waƙa.