Daraktocinmu, Ku Ɗaga Kai Ku Dubi Sama

A fim ɗin "Master and Commander" na 2003, wanda Peter Weir ya ba da umarni, Russell Crowe ya fito a matsayin Kyaftin Jack Aubrey na jirgin ruwan yaƙin Ingila, yana farautar wani jirgin Faransa a 1805. Ba rugugin igwa ne ya fi burge ni ba. Fitowar da ta fi tsaya min a rai ita ce inda yaran jirgi suka jeru da tsakar rana, kowa riƙe da sekstan, wato ma'aunin tsayin rana ko tauraro daga inda sama ta haɗu da ruwa. Kuskure kaɗan a awon nan, jirgi ya ɓace. Darakta ya mai da lissafi abin fargaba, ba tare da waƙa ko rawa ba.

Larabawan Tekun Indiya ma suna da nasu, kamal: ɗan allo da zare mai ƙulli-ƙulli. Matuƙi ya ciji zaren, ya miƙa allon, ya auna tauraron arewa. Tsayin tauraron nan shi ke nuna nisanka daga tsakiyar duniya. A Batsari da Safana bai wuce digiri 13 ba, can ƙasa-ƙasa yake.

To, mu fa? Makiyaya da mafarautan Dajin Rugu sun daɗe suna karanta dare da Gamzaki da Kaza-da-'ya'yanta. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, har littafi ya rubuta kan ilimin taurari. Amma a finafinanmu, da jarumi ya ɓace a daji, sai tocila, sai aljani, ko wani tsoho ya faɗo daga sama ya nuna masa hanya. Haba jama'a!

Gaskiyar magana, lokaci na ƙurewa. Hare-haren 'yan bindiga, musamman daga 2019, sun tarwatsa ƙauyuka da rugage da dama a yankin, dattawan da suka san wannan ilimi kuma suna ƙarewa. Marubucin da ya zauna da ɗayansu yini guda zai tashi da labarin da babu Ba'indiyen da ya taɓa yin sa. Sekstan na nan a gidajen tarihi. Namu ma'aunin a ƙwaƙwalwar tsofaffi yake, in an binne su an binne shi.