Gardamar Gwanin Zamani a Fagen Dambe

Gardama a kan wane ne gwanin 'yan dambe na wani zamani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma tana da ƙa'idojinta ko da yake ba a rubuce suke ba. A birnin Kaduna, musamman unguwannin arewacin kogi irin su Kawo da Unguwar Shanu da Badarawa da Tudun Wada, ana jin ta a teburin mai shayi da tashar mota da rumfunan mahauta na wajen Zango. Yadda aka kafa garin ne ya sa musun ya samu gindin zama. Tun da Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwatar Arewa Kaduna a 1917, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Sakkwato da Katsina da Kano da Zazzau, kowa da gwanin garinsu a baki. Basakkwace da Bakano sai su shekara ashirin a benci ɗaya ba su daidaita a kan mutum guda ba.

Kafin a fahimci musun sai an san yadda ake cin wasan. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, ana yin sa da kaka bayan amfanin gona ya zo gida, 'yan dambe suna bin ƙauyuka da makaɗansu na kalangu. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, a ɗaure shi tam da zare, ɗaya hannun kuma ya miƙa shi gaba a buɗe yana kare kai yana auna tazara. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, wasa ya ƙare. In turmi uku suka cika kowa yana tsaye, sai a raba su a ce babu kisa. Ba a tara maki a damben gargajiya, don haka ba a cewa wane ya fi wane iya wasa alhali bai kai shi ƙasa ba.

Ma'aunin farko ke nan da masu gardama suke ɗauka: kisa. Amma da wuya a tsaya a yawansa. Da zarar wani ya ce gwaninsa ya yi kisa ba adadi, za a tare shi da tambayar da ita ce zuciyar musun: wa ya kashe? Buge yara goma masu tasowa bai kai buge babban ɗan dambe guda da ake tsoro ba. Haka kuma ana duba wanda ya ƙi sa zare da shi. Ɗan damben da aka fito aka nuna shi a fage, kalangu yana kiransa, ya noƙe ya ce hannunsa na ciwo, wannan rana za ta bi shi har tsufansa, ko da ya yi kisa ɗari bayanta. Ana ƙara wa mutum daraja in ya ci fagen da ba nasa ba, a gaban 'yan kallon da ba sa sonsa, kuma ana ƙara masa in ya daɗe yana tashe. Tashen shekara ɗaya ko biyu, dattawan majalisa ba sa lissafa shi.

Girman jiki ma yana shiga, domin a da ba a raba 'yan dambe ajin nauyi. Gajere yana iya haɗuwa da dogo, siriri da ƙato, kuma kisan da ƙaramin ya yi wa babban ya fi tsada. Batun asiri, wato layu da guraye da tsagar da ake yi a hannu a cusa magani, yakan fito ne daga bakin wanda aka kashe gwaninsa.

Abin da ya fi hana a daidaita shi ne ɓangaranci. 'Yan dambe sun kasu gida uku: Kudu, da Arewa wadda ake kuma kira Jamus, da Guramaɗa. Ɗan dambe ba ya sa zare da ɗan ɓangarensu a wasan yau da kullum, kuma 'yan kallo ma sun rabu haka. Sunayen da kansu suna ɗauke da wannan dangantaka, domin yaro yakan ci sunan ubangidansa, a ce Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, ko Bahagon wane in da hagu yake duka. Saboda haka wanda yake kare gwaninsa, gida guda yake karewa, da iyayen gidan da suka shuɗe. A 'yan shekarun nan sunayen da suka fi yawo sun haɗa da Ebola daga Kudu, da Ali Ƙanin Bello daga Arewa, da Dogo Mai Takwasara da Garkuwan Cindo daga Guramaɗa. Ko cikin waɗannan, wanda mutum zai ɗora a sama yakan nuna ɓangarensa tun kafin ya faɗa.

Idan aka koma zamanin da ya wuce, sunan da ya danne kowanne shi ne Shago, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Mafi yawan masu rantsuwa da Shago a Kaduna yau ba su taɓa ganin ya ɗaga hannu ba. Abin da suka sani sun ji shi ne a bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin maza na ƙasar Sakkwato, wanda ya yi wa Shago waƙar da ta zama bakandamiyarsa. Ɗan Anace ya yi wa Ɗandunawa waƙa, ya yi wa Ado Ɗan Ƙore, kuma waɗannan ukun su ne har gobe ake fara ambata. Wannan ba dace ba ne kawai. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai waƙoƙin makaɗan gargajiya har lungunan Nijar da Kamaru da Ghana, kaset kuma ya ƙarasa aikin. Ɗan damben da ya samu babban makaɗi ya samu tarihi. Wanda bai samu ba, ko da ya gagari fagen ƙasarsu shekara goma, labarinsa ya tsaya a bakin tsofaffin garinsu, suna mutuwa ya bi su.

Wannan bai rage wa Shago komai ba. Makaɗin maza ba ya ɓata ƙwarewarsa a kan rago, domin a gaban shaidu yake waƙa, a fagen da mutane suka gani da idonsu, kuma in ya yi ƙarya jama'a ba za su karɓa ba. Sai dai aikin makaɗi zuga ne. Yana faɗin ranar da gwaninsa ya yi kisa, ba ya tsayawa lissafin ranar da aka tashi babu kisa. Wanda ya ɗauki waƙa a matsayin cikakken tarihi ya ɗora mata nauyin da ba don shi aka yi ta ba.

Damben zamani, na safar hannu, yana nuna cewa ko da akwai rubutu musun ba ya mutuwa, amma yana samun ƙasar tsayawa. Su dai waɗannan majalisun na Kaduna suna gardama a kan Muhammad Ali da Mike Tyson, ko a kan Hogan Bassey, wanda ya ci kambin duniya a 1957, da Dick Tiger, wanda ya ci nasa a 1962. Rocky Marciano ya yi ritaya da wasa 49 ba a taɓa cin sa ba, Floyd Mayweather da 50, amma har yanzu Ali, wanda aka ci sau 5, shi ne akasari ake ɗorawa a gaba. Dalilin shi ne dai tambayar nan ta masu gardamar damben gargajiya: wa ya buge? Ali ya buge Sonny Liston a 1964, ya buge George Foreman a Kinshasa a 1974 lokacin da ake ganin ba mai iya tsayawa gabansa, ya kuma kara da Joe Frazier sau uku ya ci biyu. Bambancin kawai, a can in mutum ya yi ƙari za a buɗe littafi a ƙaryata shi.

Damben gargajiya ma ya fara samun irin wannan shaida. Wayar hannu ta shiga fage. Wasan da aka yi da yamma a Kano ko a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, kafin sallar isha'i ya iso wayoyin matasan Kawo ta YouTube da Facebook da WhatsApp. Akan ga mutum biyar sun duƙufa a kan waya ɗaya, ana mayar da hoton baya sau uku don a tabbatar ko gwiwa ta taɓa ƙasa ko santsi ne ya kwashe shi. Gasannin da ake sa mota ko babur, da shigowar kamfanonin shirya wasa irin su African Warriors Fighting Championship, sun kawo awon nauyi da alƙalanci mai tsari a wasu wasannin. Amma hoton waya ma yana da son kai irin na makaɗi: kisan ake yankowa a watsa, ba a nuna turmi biyun da aka sha wuya kafin a kai gare shi, kuma babu wata ma'ajiya guda da ta tattara wanda ya kara da wane, a ina, yaushe, da yadda aka tashi.

Saboda haka gwada Shago da Mai Takwasara ko Ebola ba shi da madafa, tunda ba fage ɗaya suka taka ba, ba kuma irin shaida ɗaya ake da ita a kansu ba. A zamaninsa, da ma'aunin da mutanen zamanin suka yarda da shi, Shago ne gwani. Na wannan zamani kuwa ana iya tantance shi da hujja, muddin ƙungiyoyin dambe da masu gidajen wasa suka fara rubuta sakamakon kowace karawa, wadda aka yi kisa da wadda aka tashi babu kisa, tun masu yin ta suna raye.