Baƙi da Takaba: Sharhi kan Fassarar Kalmomin Launi a Hausar Kurfai

A littafin da Jacques André ya wallafa a Paris a 1949 kan kalmomin launi na Latin, ya nuna cewa Rumawa sun bambanta *ater*, wato baƙi marar ƙyalli, da *niger*, baƙi mai sheƙi. Akwai kuma *pullus*, launi mai duhu na rigar da mai makoki ke sawa, wadda suke kira *toga pulla*. Amfanin wannan nazari shi ne bai raba kalma da al'adar masu ita ba. To, wannan darasi ne masu fassara tsakanin Faransanci da Hausa suka cika yin sakaci da shi.

Bafaranshe yana haɗa *noir* da *deuil*, saboda haka sai a ɗauka baƙi a Hausa ma launin makoki ne. Hausar Filinge ba ta goyi bayan wannan ba. A Kurfai, inda ake cewa *hwari* maimakon *fari*, kalmar *baƙi* ta game har da tufar da aka rina da baba ta yi duhu. Rawani irin ɗan Kura, wanda aka buga da shuni har yana ƙyalli, kayan ado ne da girma, a wurin Kurfayawa da maƙwabtansu Buzaye. Ba mai ganinsa ya tambayi wa ya rasu.

Haka nan *takaba* ba sunan tufa ba ne. Zama ne na wata 4 da kwana 10 da matar mamaci ke yi, tana barin lalle da kwalli da turare. Gaskiya ne *Risala* ta Ibn Abi Zaid ta hana mata rinannun tufafi ban da baƙi, amma wannan izni ne, ba umurni ba. Abin da ke nuna takaba rashin ado ne. Mamaci kuwa da farin likkafani ake rufe shi.

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, irin wannan kuskure ya daina zama na masana kaɗai. Yaron da aka koya wa cewa baƙi alamar mutuwa ne, me zai ce game da rawanin kakansa ranar salla? Kamata ya yi ƙamus ya raba *deuil* gida uku: makoki, takaba da baƙin ciki.