« Vulnérabilité » da « ménage »: sharhi a kan kalmomin auna rauni a jihar Maraɗi

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba wasu kalmomi da ake amfani da su wajen auna yadda al'umma da ƙasarta za su iya jure sauyin yanayi, tare da ɗaukar misali daga Sae Sabuwa ta gundumar Gidan Rumji, da kuma gundumomin Agye da Gazawa. Mu ba masana aikin gona ba ne. Amma takardar tambayoyi da Faransanci ake tsara ta, a yi tambayar da Hausa, a sake mayar da amsar cikin Faransanci. Ke nan kowane adadi ya bi ta fassara sau biyu kafin ya shiga rahoto, fassara kuwa fagenmu ce.

Bari mu fara da « vulnérabilité ». Masu fassara kan ce « talauci », ko « rauni », ko « rashin ƙarfi ». Talauci hali ne da mutum yake ciki yanzu, alhali kalmar Faransancin tana nufin abin da zai same shi idan masifa ta zo. Rauni kuwa ya haɗa da ciwo a jiki, kuma babu magidancin da zai amsa shi a gaban mai gari ba tare da jin kunya ba, sai fa in ya ji ƙishin-ƙishin rabon hatsi. Hausa ba da suna take faɗar wannan ma'ana ba, da jimlar sharaɗi take faɗarta: in damina ta ƙi, wata nawa rumbunka zai kai ka? Wa za ka je wa? Me za ka fara saidawa?

Matsalar « ménage » ta fi wannan girma. Shin gida ake nufi, ko iyali, ko masu ci daga tukunya ɗaya? A ƙasar Maraɗi an bambanta gandu, wanda yake hannun mai gida, da gamana (abin da Kanawa ke kira gayauna), wato ƴar gonar da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Idan mai bincike ya tambayi mai gida dami nawa ya samu bana, amsar gandu zai ba shi, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai a gidaje da yawa akan rufe rumbun gandu bayan kaka, maza su tafi cin rani, furar yara ta koma kan gamanar uwa da ƴar sana'arta. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna a 2006 cewa ƙarancin fili a kudancin Nijar yana raba mata da gamana. Takardar da ta san « ménage » kaɗai ba ta da gurbin rubuta wannan asara.

Shekarar 2005 ta nuna abin da ke cikin lamarin. Bayan fari da fari na 2004 (rubutun boko bai raba rashin ruwa da jam'in fara ba, tunda ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti), hukuma ta ƙiyasta giɓin hatsi da wajen tan 223,000. Tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa, SAP, ya fi mai da hankali ga yankunan da amfanin gona ya gaza. Amma yaran da tamowa ta kama sun fi yawa a kudancin Maraɗi, inda ake kira rumbun ƙasa. Ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka shirya a 2007, Niger 2005, une catastrophe si naturelle, ya bayyana rawar kasuwa da tsadar gero da siyasar agaji, kuma ya yi kyau. Abin da muke ƙarawa shi ne ma'aunin kansa yana da aibu na harshe: ya ƙidaya dami, bai tambayi na wane ne ba. Tsofaffi sun riga mu fahimtar cewa yunwa ba ruwan sama kaɗai ke kawo ta ba, shi ya sa suka raɗa wa ta 1984 suna ƴar Buhari, shekarar da Nijeriya ta rufe iyaka.

Haka abin yake ta fuskar ƙasa da itatuwa. Rahotanni sun daɗe suna maganar gurgusowar hamada, suna raba « forêt » da « champ », daji da gona, kamar itace ba ya tsirowa a gona. A daidai wannan lokaci, tun wajen 1984, manoman Maraɗi suka soma barin tohon kalgo da sabara da gawo a gonakinsu suna yi masa aski. Sunan da aka ba aikin, sassabin zamani, abin nazari ne, domin sassabe a asali sharewa ne. Sai a shekarun 2000 hotunan sama suka sa Chris Reij da Gray Tappan suka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5. Manomin Sae Sabuwa kuma ba ya cewa « sol » kawai. Ya san jigawa, ya san geza, ya san fadama, ya san wadda ke fara ƙonewa in ruwa ya ɗauke.

Dole mu yaba wa furojen PPILDA da FIDA ta tallafa wa a Agye, musamman a ƙauyuka irin su Ɗan Saga, inda aka bar mutanen gari suka jera gidajensu da kansu bisa ga fili da dabbobi da daɗewar rumbu. Wannan ci gaba ne. Amma da aka zo rubutu sai aka zuba sakamakon cikin matakai huɗu na sifa ɗaya, daga « peu vulnérable » zuwa « extrêmement vulnérable », kamar mai fili ba shi da hannun noma da mai hannun noma ba shi da fili tsani ɗaya suke hawa. Rahotannin irin wannan aiki da suka zo hannunmu suna buga takardar tambayoyi ta Faransanci a rataye, amma ba sa buga lafazin Hausar da aka yi tambayar da shi a zauren mai gari.