Mun Riƙe Shata, Mun Yar Da Ɗakin Da Ya Yi Waƙa

Duk wanda ya karanta tarihin kiɗan jaz na Amurka zai lura da wata ɗabi'a ta marubutansa: da wuya su ambaci makaɗi ba su ambaci gidan da ya yi wasa ba. Sunan Duke Ellington ba ya rabuwa da Cotton Club, gidan rawar da ke unguwar Harlem a birnin New York. An rubuta cewa ɗan damben nan Jack Johnson ne ya fara buɗe wurin a 1920, sannan wani ɗan daba mai fataucin giya, Owney Madden, ya karɓe shi a 1923 ya sauya masa suna. A lokacin an haramta sayar da giya a Amurka baki ɗaya, daga 1920 zuwa 1933, shi ya sa birane suka cika da mashaya ta ɓoye da suke kira speakeasy, wato inda ake magana ƙasa-ƙasa. A Cotton Club makaɗa da 'yan rawa baƙar fata ne, masu kallo kuwa farare, an kuma ƙawata ɗakin kamar gonar audugar zamanin bauta. Abin kunya ne, amma sun rubuta shi, domin daga wannan ɗakin ne rediyo ya riƙa watsa kiɗan Ellington tun daga 1927 har ƙasar ta san shi.

Mu da muke zaune a tsakiyar auduga ta gaske, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, muna da namu labarin mai kama da wannan, sai dai mun ƙi rubuta rabinsa.

Haramcin giya a Arewa ya riga na Amurka. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba Turawa damar hana shigar da barasa yankunan da ba su saba da ita ba, kuma da Ingila ta kafa mulkinta a Arewa a 1900 sai ta hana sayar wa 'yan ƙasa giyar da ake shigowa da ita. Bature yana da damar sha, wasu baƙin ma'aikata ma ana ba su izini, ɗan ƙasa kuwa babu. Masana tarihi irin su Ayodeji Olukoju da Simon Heap sun yi nazarin yadda dokar ta riƙa yoyo, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Da reshen dogo ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda wajen ƙarshen shekarun 1920, sai garin ya zama mahaɗar 'yan dako, direbobi, ma'aikatan reluwe da na kamfanin gurzar auduga na BCGA, wanda har yau wata unguwa ke amsa sunansa. Waɗannan mutane ne masu kuɗi a aljihu lokacin kaka, yawancinsu nesa da iyalansu. Inda aka sami irin wannan taro, za a sami gidan magajiya, a sami otel, a sami mai goge da mai kalangu. Wannan shi ne abin da kakanninmu suka kira bariki.

A wannan duniyar Alhaji Mamman Shata ya gina babban ɓangare na sunansa. An haife shi a Musawa, ya yi talla da ƙuruciya, ya zauna a Funtuwa shekaru masu yawa, ya rasu a 1999. Muna yawan tuna digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988, da waƙoƙinsa na sarakuna, da «Bakandamiya». Idan aka zo kan «A Sha Ruwa» sai murya ta yi ƙasa, wasu ma su shiga fassara ruwan da ba shi mawaƙin ke nufi ba. Mun san inda aka yi irin wannan waƙa da waɗanda aka yi wa. Kunyar faɗa ce kawai ke hana mu.

Abin da ya dame mu a nan na adabi ne kafin ya zama na tarihi. Nazarin waƙar baka a jami'o'inmu ya saba raba makaɗa gida-gida bisa ga wanda suke yi wa waƙa: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan maza, makaɗan jama'a. Rabon yana da amfani, amma a ƙarƙashin «makaɗan jama'a» an cusa filin biki da dandalin siyasa da farfajiyar otel wuri guda, kamar duk iri ɗaya suke. Alhali wurin da aka yi waƙa yana shiga cikin ƙirarta. Makaɗin fada yana da ubangida ɗaya, yana da lokacin shirya waƙa da 'yan amshinsa, ya san ranar da zai gabatar da ita. Wanda ke wasa a otel bai san wanda zai shigo ba. Direba ya sauka daga mota da ƙura a jikinsa, maroƙi ya raɗa sunansa da garinsu, mawaƙi ya jefa shi cikin ɗan waƙa nan take, shi kuma ya taso ya yi liƙi. Wani ya ga an yabi abokin hamayyarsa, ya ciro nasa kuɗin, waƙa ta ƙara tsawo. Shi ya sa amshi ya zama gajere mai juyawa, don ya ba mawaƙi numfashi da lokacin ƙirƙira, kalangu kuma yana matse tsirkiya yana maimaita sunan da baki ya faɗa.

Wannan baiwar ƙirƙira a tsaye, da kowa ke yaba wa Shata, ita ce abin da masu jaz ke tinƙaho da shi a nasu kiɗan. Su sun yarda cewa daren da ake yi ana wasa a gaban mashaya, kullum, shekara da shekaru, shi ne makarantar. Mu kuwa mukan ce baiwa ce daga Allah mu yi shiru. Baiwar daga Allah take, babu musu. Amma an wasa ta a wani wuri, a gaban wasu mutane.

Littattafanmu na zube ma ba su taimaka ba. A mafi yawansu otel tasha ce da jarumi ke yada zango a kan hanyarsa ta lalacewa. Ana shiga da shi, a nuna kwalabe da hayaƙi da mata, a fito da shi ya yi nadama. Ba a jin abin da ake kaɗawa. Ba a sanin wa ya biya makaɗi, ko nawa mai otel ke ɗauka, ko yadda magajiya ke sasanta rikici da 'yan doka. Abin mamaki, cikin waɗanda suka zauna suka saurari matan nan akwai baƙi, kamar Renée Pittin da ta yi bincike a gidajen mata na birnin Katsina a shekarun 1970. Kuma sananne ne cewa a zamanin NEPU da NPC waɗannan mata suna cikin masu cika taron jam'iyyu da waƙa da guɗa, tun lokacin da macen Arewa ba ta da ƙuri'a.

Za a ce mana giya haramun ce, kuma Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, to me ya kai mu tone-tone? Haramcinta ba abin gardama ba ne a wurinmu. Haka kuma akwai iyalai da ba za su so a ambaci kakarsu ko kakansu a irin wannan littafi ba, kuma haƙƙinsu ne a sakaya suna. Sai dai rubuta abu ya faru daban, halatta shi daban. Malamanmu na jihadi ma sun lissafa al'adun da suke yaƙa, kuma ta rubutunsu muka san wasu daga ciki. Ita ma Barmani Coge, 'yar ƙasar Funtuwa da ta rasu a 2013, an daɗe ana yi wa kiɗan ƙwaryarta kallon raini kafin masana su farga cewa tarihin matan Hausawa ne take rerawa.

Kayan aikin suna nan ga mai son farawa. Akwai littafin «Shata Ikon Allah» da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Akwai tsofaffin direbobi a tashoshin Funtuwa da Bakori da Malumfashi, da dattawan da suka yi amshi ko suka riƙe kalangu, waɗanda kowace damina adadinsu raguwa yake. Akwai kuma faya-fayan kansu, da yanzu suke yawo a wayoyinmu. A ɗauki waƙa irin ta Bawa Direba ko ta Sarkin Bori Sule, a sa abin ji a kunne, a lissafa sunayen mutane da na garuruwan da suka fito a ciki, sannan a je tasha a tambayi tsohon da ya fi kowa daɗewa a kan benci ko su wane ne, kuma a ina ya fara jin ana kaɗa ta.